Esin Ɗakin Oga Okechukwu

Zakariyya'u yana tsaye a kan kujerar roba, ya ɗage murfin esin da ke manne a bango yana haska cikinsa da fitilar waya, sai ya ji Adaora ta ce daga bakin ƙofa, "Buroda Zakari, wannan zuwanka na nawa ke nan?"

Bai juyo ba. Ta san amsar, shi ma ya sani. Tun da bazara ta kama yake zarya tsakanin Tudun Wada da Sabon Tasha saboda wannan esin, har masu shayin bakin layin sun fara ɗaga masa hannu kamar ɗan unguwa. Abin haushin kuma, duk lokacin da ya zo sai ya tarar da shi lafiya ƙalau yana ta huro sanyi, kamar yaron da aka kawo ƙararsa ya ga baƙo ya nutsu.

A kan gadon da ke ƙarƙashin taga Oga Okechukwu ne kwance yana bin sa da ido. Shi ne ya koya wa Zakariyya'u gyaran firij da esi a shagonsa na Kakuri, tun yana saurayi mara gemu, har ya yaye shi ya ba shi jakar kayan aiki da addu'a irin ta addininsa. A ƙarshen daminar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ya tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa, ya tafi da harshensa, ya bar masa hannun hagu da idanu biyu masu kaifi.

Ranar da Zakariyya'u ya fara zuwa dubiya ya ga abin da ya ba shi dariya da takaici a lokaci guda. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sanyaya ɗakunan manyan Kaduna, a nasa ɗakin tsohuwar fanka ce ke ta kaɗa kai tana ƙara. Bai yi shawara da kowa ba. Ya sayo sabon esi mai cin wuta kaɗan, wanda solar da 'ya'yan Oga suka haɗa masa za ta iya ɗauka, ya kafa na ciki a ɗakin, ya ɗora injin waje a bangon baya. Da Mama Ngozi, matar Oga, ta fara maganar kuɗi, sai ya ɗauki jakarsa ya gudu.

"Sauko ka gani," in ji Adaora.

Ita ce babbar 'yar Oga, nas ce a Abuja, kuma a Kaduna aka haife ta, Hausarta ba ta da gyara. Ta juya mahaifinta a hankali ta ɗaga rigarsa. Bayansa duk ƙurajen zafi ne, can ƙasa kuma fata ta fara salewa ta yi ja.

"Idan wannan ya buɗe ya zama gyambo, mun shiga wani babi," ta ce. "Da rana ɗakin nan tanda ne. Esin sai ya jira lokacin da aka fi bukatarsa ya yi ƙara ya tsaya. Ba raini ba ne, Buroda Zakari, Allah ya sani ka yi abin da wani ɗan cikinsa bai yi ba. Amma ranar Asabar zan koma, kuma da shi zan tafi."

Oga ya daki katifa da hannun hagu.

Adaora ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ja Zakariyya'u zuwa bakin ƙofa ta rage murya. "Ba zafin kaɗai ba ne. Kullum da rana sai ya ja zanin gado ya rufe fuskarsa kamar gawa. In an yaye ya sake ja. Na ga marasa lafiya da yawa, na san alamar wanda ya gaji da duniya."

Zakariyya'u ya sunkuyar da kai. Shi ma ya taɓa ganin hakan wata safiya, ya yi sauri ya kau da ido ya shiga kwance abin da bai lalace ba. Gaskiyar magana, tun da ciwon ya zo ba ya iya kallon fuskar Oga na dogon lokaci. Ya fi masa sauƙi ya kalli inji.

Ya kuma san me Abuja take nufi. Gidan Adaora a hawa na sama yake, tana fita da safe sai dare. A nan kuwa, duk Lahadi bayan an tashi coci tsofaffin makanikai suna cika ɗakin suna buga dara a gefen gadon, suna gardamar ƙwallo, Oga yana yanke musu hukunci da ido. A nan Mama take da 'yan ƙungiyarta da masu kawo mata ɗinki. A nan ne kuma shi Zakariyya'u yake iya ɗauko babur ya zo ya yi masa aski. Idan aka ɗauke shi, an ɗauke shi ke nan.

"Lambar da yake nunawa ba ta canja ba?" ya tambayi Mama Ngozi, wadda ta shigo da kofin ruwa.

"Ita ce dai, ɗana. H da uku. Sai ya yi ƙara, sai na kashe shi a bango kada ya ƙone. Da yamma in na kunna, sai ya tashi kamar ba shi ba."

Wannan lambar ya haddace ta kamar sunansa. A irin wannan esin ma'anarta ɗaya ce: injin waje ya yi zafi fiye da kima, ya kashe kansa don kada ya ƙone. Abubuwan da ke kawo haka kuwa sanannu ne, kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke injin har yana ƙyalli. Ya auna gas ya samu daidai. Ya gwada fankar waje, tana juyawa lafiya. Ya zargi wuta ya auna, ba ta da laifi. Ya canja ƙaramin abin da ke jin zafin injin, ko shi ne ke ƙarya, lambar ta dawo washegari. Har wani abokin sana'arsa ya kira a waya, wanda ya ce masa ya cire ya mayar wa dila kawai, ya huta.

Ya mayar da murfin ya sauko. Sai ya tuna wata ɗabi'ar Oga da ya fi tsana lokacin yana koyo. Idan aka kira su gyaran abin da ke lalacewa yana tashi da kansa, Oga ba ya taɓa ko sukurdireba. Benci yake nema ya zauna, ya ce sai ya lalace a gabansa. Sukan wuni a gidan mutane suna kallon bango, cikin Zakariyya'u yana kuka, Oga yana karanta tsohuwar jarida. Yanzu da ya zama mai shagon kansa, ga waya mai jerin lambobi da ma'anarsu, ya daɗe da yar da wannan ɗabi'ar. Da sassafe yake zuwa kafin ya buɗe shago, ko bayan magariba, ya duba ya wuce.

Ya fita tsakar gida ya kira mutanen da ke jiransa ranar, ya ba su haƙuri. Wani Alhaji mai otal ya yi ta faɗa har ya kashe waya. Ya dawo ya ja kujerar robar kusa da gadon ya zauna.

"Yau a nan zan wuni, Mama."

Fuskarta ta washe. "To bari in aika wajen Malam Isiyaku mahauci." Tun yana ɗan koyo, in dai zai ci abinci a gidan, wajen mahaucin Bahaushe take sayen nama, kuma ba ta taɓa mayar da hakan abin magana ba.

Zama ya yi zama. Esin yana ta aikinsa, sanyi mai daɗi yana sauka a kan gadon. Da ba abin yi, sai ya shiga kallon ɗakin. Mama Ngozi mace ce da ba ta yarda kaya ya zauna tsirara ba. Talabijin yana da rigarsa, rediyo yana da tasa, keken ɗinkinta da ta dawo da shi kusa da gadon don ta riƙa aiki tana kallon mijinta yana da tasa har ƙasa. Rimot ɗin esin ma an ɗinka masa 'yar jaka mai zare a baki. Ya ɗaga shi yana murmushi, Oga ya yi wani gurnani ya zuba masa ido. Zakariyya'u ya ɗauka ruwa yake so, ya ba shi, Oga ya kau da kai.

Da rana ta take, ya duba agogo ya ga azahar ta yi. Babu masallaci kusa, amma ba ya bukatar tambaya. Butarsa ta roba tana bayan ƙofar kicin inda take tun zamanin koyo, an dai canja ta sau da yawa, dardumar kuma tana saman kabad a naɗe cikin leda. Ya yi alwala ya shimfiɗa a barandar gaba inda inuwar mangwaro take. Yana cikin salla ya ji takun Mama ta zaga bayan gida, ya ji ta dawo tana 'yar waƙar coci ƙasa-ƙasa.

Ya idar, suka ci shinkafa da miyar ganye. Ya koma kujerarsa. Adaora tana gefen gadon tana shafa wa mahaifinta hoda a wuya. Can sai iskar da ke fitowa ta fara rage sanyi. Kunnen Zakariyya'u ya kama wani nauyi a ƙarar da ke zuwa ta bango, kamar ta babbar mota a kan tudu. Kafin ya miƙe, Oga ya kama zanin gado da hannun hagu ya ja shi har ya rufe fuskarsa.

"Ka gani ko," in ji Adaora. "Dadi, don Allah ka daina."

Esin ya yi ƙara ya tsaya. H3 ta fito tana ƙiftawa. Mama ta taho da sauri hannunta a miƙe wajen makunnin bango.

"Bar shi, Mama. Kada ki kashe."

Wannan karon bai kalli lambar ba, ya riga ya san abin da za ta ce. Gadon ya kalla. Oga ya sauke zanin zuwa haɓa, kuma idanun da suka fito ba na wanda ya gaji da duniya ba ne. Zakariyya'u ya san su sarai. Su ne idanun da ake yi masa in ya ɗaure waya a inda ba nan ba, idanun da ke zuwa gab da ranƙwashi. Oga ya sake rufe fuskarsa, ya hura iska da ƙarfi har zanin ya kumbura ya dawo ya manne masa a hanci. Ya yaye. Ya nuna bangon baya da haɓa.

Zakariyya'u ya fita ko takalmi bai sa ba.

Bayan gidan wani ɗan lungu ne da rana ke faɗawa kai tsaye daga azahar zuwa la'asar, siminti yana ƙona ƙafa. Yana shan kwana ya tsaya cak. Injin waje yana nan a kan ƙarfensa, sanye da riga. Atamfa ce shuɗiya irin ta ankon matan coci, an yi mata shafi da yadin labule mai kauri, an ɗinke ta daidai jikinsa ba ƙari ba ragi, da leshi a gefe da igiya a ƙasa an ɗaure tam. Ɗinki ne na gwanaye, ko iska ba ta samun hanyar shiga. Ya kwance igiyar ya zare rigar, wani hucin zafi ya bugi fuskarsa. Ƙarfen ba ya taɓuwa.

Dariya ta kama shi, ya jingina da bango yana yi har hawaye suka zubo, kuma shi kansa ba zai iya cewa duka na dariya ba ne.

"Me ya faru, ɗana?" Mama ce ta biyo shi. Ta ga rigar a hannunsa, ta ce, "Af, wannan? Saboda rana ce. Da zafi ya fara na ga tana dukansa, na ce fentin zai koɗe. In ta juyo nan sai in sa masa, in ta sauka in cire in ninke. Abu sabo, kai ka saya da guminka. Tun da na yi aure ba a taɓa kawo mini kyauta irin wannan ba, sai in bar shi a rana kamar marar gata?"

Ya share ido. Ya nemi kalmomin da suka fi laushi, ya ga duk inda ya bi sai ya taka ta.

"Mama, zafin da na ciki yake kwashewa daga ɗakin, ta nan yake fitar da shi. Nan ne hancinsa. In aka rufe, zafin sai ya koma masa ciki, shi ne yake kashe kansa."

Ta dube shi, ta dubi injin. Ya ga maganar tana sauka a fuskarta a hankali. Ta dafa bango duk da zafinsa.

"Kana nufin ni ce?" ta ce. "Duk ƙurajen nan na bayansa? Ni nake dafa mijina da hannuna?"

"Wa ya gaya miki ba a rufewa? Oga bai taɓa kawo esi gidan nan ba balle ki sani, ni kuma da na kafa ban ce miki komai ba. Kuma maganar ranar gaskiyarki ce, tana wahalar da shi. Gobe zan zo da mai walda ya yi masa rumfar kwano daga sama, gefe da gaba a buɗe." Ya rage murya. "In kin so, sai in ce wa Ada datti na samu."

Mama Ngozi ta karɓe rigar daga hannunsa ta kaɗe ta. "Ka yi salla ɗazu-ɗazu, yanzu za ka yi ƙarya saboda ni? Mu je."

Ita ta shiga gaba. Ta tsaya a ƙarshen gadon ta ware rigar da hannu biyu, hawaye yana bin kumatunta. "Papa Ada, wannan ce?"

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Oga wanda ba a ji ba tun kafin ciwon. Rabin fuskarsa mai motsi ya yamutse, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza. Dariya yake yi. A gabansa aka yanka yadin, a gabansa aka ɗinka, kullum a gabansa ake fita da ita, yana ta faɗa musu da abin da ya rage masa ba wanda ya saurara.

Adaora ta zauna a bakin gadon. Aka yi mata bayani. Sannan ta kama hannun mahaifinta.

"Dadi, ashe aiki kake yi. Ni kuma ina ta kuka a banɗaki."

Suka jira injin ya huce. Zakariyya'u ya kunna, ya fita ya sa hannu a gaban fankar waje ya ji iska mai zafi tana fita yadda ya kamata, ya dawo ya zauna. Ba wanda ya ce a tashi. Rana tana ta dukan bangon baya, su huɗu suna kallon ɗan allon esin kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ya fita ya yi la'asar ya dawo, sanyi yana nan. Inuwa ta rufe lungun baya, lambar ba ta dawo ba.

Adaora ta gyara zama ta fuskanci gadon. "Tun da na zo ban tambaye ka ba," ta ce. "Dadi, kana so ka bi ni Abuja?"

Oga ya girgiza kai, a hankali amma ba shakka a ciki.

Ta ja dogon numfashi. "To. Amma za a riƙa juya ka yadda na nuna wa Mama, kuma duk sati za a turo mini hoton bayanka. In na ga abin da ban so ba, ba ruwana da dariyarka." Ta juyo. "Buroda Zakari, ban san me zan ce maka ba."

"Ba ni na gano ba, Ada. Ni dai zama na yi."

Ɗakin ya yi sanyi har Oga ya fara naɗe ƙafarsa mai motsi. Mama ta duba ko'ina ba ta ga bargo kusa ba, sai ta dubi abin da ke kan cinyarta. Ta warware igiyar, ta shimfiɗa masa rigar esin daga gwiwa zuwa ƙafa, leshin yana lilo a gefen gado. Ta yi masa daidai.

Zakariyya'u ya haɗa kayansa ya rataya jaka. Godiya ce cike da ransa, ga Allah, ga wannan tsohon, ga matar da ta ajiye masa buta shekara da shekaru, har ya rasa ta inda zai fara. Ya matsa kusa da gadon ya ce, "Oga, zan wuce. Sai gobe in na zo da mai walda."

Oga ya ɗaga hannun hagu ya yafito shi. Ya matso. Ya sake yafito shi. Sai ya ga yatsun suna dunƙulewa, na tsakiya ya ɗan fito gaba, ya gane ranƙwashi ake nufi. Duk shekarun koyo ya yi su ne yana kauce wa wannan dunƙulen, har ya ƙware.

Ya ajiye jakar, ya cire hularsa, ya sunkuya ya miƙa masa kansa.